Wanda bai taɓa magana da harsuna ba, yana da Ruhu Mai Tsarki kuwa?

Iliya (Ojota): Salama, 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙo a amsa mini da Littafi, kada a ce mini "haka muke yi a cocinmu". Wani abokin aikina ya gayyace ni kwanan addu'a a majami'arsu. Can cikin dare aka ce duk wanda bai karɓi baftismar Ruhu Mai Tsarki ba ya fito gaba. Ni dai ban fita ba, don na karɓi Yesu tun ina gida, aka kuma yi mini baftisma a rafi. Da aka tashi sai wani mai hidima ya tare ni, wai na taɓa magana da harsuna? Na ce a'a. Ya ce to ruwa kawai na shiga, Ruhu bai sauko mini ba tukuna. Haka abin yake? Mutum zai zama mai bi amma ba shi da Ruhu Mai Tsarki?

Mama Rifkatu (Agege): Ɗana, kwantar da hankalinka. Wa ya taɓa zuciyarka har ka tuba? Wa ya buɗe bakinka ka ce Yesu Ubangiji ne? Je ka duba 1 Korantiyawa 12:3. Ba mai iya faɗin wannan da gaske sai ta wurin Ruhu.

Timothawus (Ikorodu): Mama, ku yi haƙuri in sa baki. Abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma bai ƙare a nan ba. Almajiran Yesu ai sun riga sun gaskata. A Yahaya 20:22 har ya hura musu numfashi ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Duk da haka ya ce kada su bar Urushalima sai an ba su iko daga sama. In da tuba kaɗai ta isa, me suka zauna jira? Ranar Fentikos da abin ya zo, da harsuna ya zo. A gidan Karniliyas, yaya Yahudawan da suka raka Bitrus suka gane Ruhu ya sauko wa al'ummai? Ayyukan Manzanni 10:46 ta faɗa, sun ji su suna magana da harsuna. A Afisa kuwa Bulus ya tarar da almajirai wajen 12, tambayar da ya fara yi musu ita ce ko sun karɓi Ruhu Mai Tsarki sa'ad da suka gaskata. In kowa yana samunsa haka nan ba tare da ya sani ba, tambayar ba ta da ma'ana. Da Bulus ya ɗora musu hannu, su ma suka yi magana da harsuna. Sau uku ke nan. Iliya, kada ka ji haushi, ka nema kawai.

Malam Yakubu (Obalende): Timothawus ya kawo ayoyi na gaske, ba wanda zai share su. Amma bari mu bi su a hankali.

Da farko, amsar tambayar Iliya tana Romawa 8:9, kuma ba ta da kwana-kwana: duk wanda ba shi da Ruhun Almasihu, ba na Almasihu ba ne. Ka juya maganar ka gani. In kai nasa ne, Ruhunsa yana cikinka. Babu wani rukuni na uku, wato mutanen da suka sami ceto amma suna zaune fanko. Afisawa 1:13-14 ta ƙara da cewa lokacin da kuka ji bishara kuka gaskata aka buga muku hatimi da Ruhu, kuma shi ne kafin alƙalami na gādon da ke jiranku. Duk wanda ya taɓa ba tela ɗinki ya san ba a ba da kafin alƙalami bayan an gama aiki. A farko ake bayarwa.

Sai batun Ayyukan Manzanni. Ku lura da su waye a kowane wuri. Sura 2 Yahudawa ne. Sura 8 Samariyawa, waɗanda Bayahude ba ya ko shan ruwa da moɗarsu. Sura 10 al'ummai. Sura 19 almajiran Yahaya Mai Baftisma, waɗanda da bakinsu suka ce ba su ma ji akwai Ruhu Mai Tsarki ba, har sai da aka sake yi musu baftisma cikin sunan Yesu. Duk lokacin da bishara ta ƙetare wata iyaka, Allah yakan sa alama a fili don kada manzanni su yi gardama. Bitrus da kansa haka ya kāre kansa a sura 11 da aka tuhume shi da cin abinci da marasa kaciya. Amma mutum 3,000 da suka tuba ranar Fentikos fa? Ba a ce sun yi harsuna ba. Bābān nan na Habasha da Filibus ya yi wa baftisma, farin ciki kawai aka ce ya tafi da shi. Lidiya, da mai tsaron kurkukun Filibi, ba a ambaci harsuna ba. Ko a Samariya ma ayar ba ta ambace su ba.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne 1 Korantiyawa 12. A aya 13 Bulus ya ce dukanmu da Ruhu ɗaya aka yi mana baftisma muka zama jiki ɗaya. Dukanmu. A aya 30 ta wannan surar kuma ya tambaya ko duka ne suke magana da harsuna, kuma amsar da yake nufi a'a ce. Mutum ɗaya, sura ɗaya: duka an yi musu baftisma da Ruhu, ba duka suke harsuna ba.

Timothawus (Ikorodu): Malam, aya 30 tana maganar baiwar harsuna ta cikin taro, wadda ake fassarawa. Harshen addu'a na mutum da Allahnsa daban ne. Duba 14:2 da 14:18, inda Bulus ya ce ya fi su duka magana da harsuna.

Malam Yakubu (Obalende): Na san wannan rabon, amma ku ne kuka raba, surar ba ta raba ba. Kuma koyarwar cewa harsuna su ne shaidar farko ta baftismar Ruhu tana da ranar haihuwa. Charles Parham ne ya tsara ta a makarantarsa ta Littafi a Topeka, Amurka, a 1901. Ɗalibinsa William Seymour ya kai ta Los Anjeles, inda farkawar titin Azusa ta tashi a 1906. Ban ce Allah bai yi aiki a wurin ba, ya yi, duniya ta shaida. Amma ikilisiya ta yi kusan shekara 1,900 ba ta auna masu bi da wannan ma'auni ba.

Timothawus (Ikorodu): To bari in faɗi wani abu a fili. Wanda ya ce wa Iliya ruwa kawai ya shiga ya wuce gona da iri. Mu ba mu koyar da cewa marar harsuna ba shi da ceto ba, ko kuwa Ruhu ba ya cikinsa. Cika da iko don hidima muke magana. Amma ni ma ina da tambaya ga 'yan'uwana na ikilisiyoyin da muka taso a ciki. Yaushe rabonku da jin wa'azi a kan Ruhu Mai Tsarki in ba ranar Fentikos ba? Sunansa yana fitowa a albarkar rufe sujada, shi ke nan, kowa ya ɗauki takalminsa. Bulus ɗin da kuke karantawa shi ne ya ce kada a hana magana da harsuna, 1 Korantiyawa 14:39. Shi ne ya ce kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, 1 Tasalonikawa 5:19-20. Wace majami'armu ce take bin waɗannan? Ku fita hanyar Ibadan ranar Juma'ar farko ta wata ku ga jama'ar da ke tururuwa zuwa sansanin Redeemed, cocin da ya faro a Ebute Metta a 1952. Yaranmu na cikinsu. Ƙishi ne ya kai su, kuma a gida suka kwaso ƙishin.

Ladi (Ketu): Wannan kam ya taɓa ni. Ƙannena biyu can suke zuwa yanzu.

Baba Ishaku (Idi-Araba): Timothawus ɗana, na ji ka, kuma ba ƙarya ka yi ba. Amma bari in gaya maka abin da ya sa tsofaffinku suke ɗari-ɗari, don ku yara kuna ɗauka taurin kai ne. Iyayenmu daga bori suka fito. Ni na ga hawan bori da idona ina yaro. A kaɗa garaya, mace ta fara rawar jiki, ta faɗi, muryarta ta sāke, a ce iska ta hau ta. In ta farfaɗo ba ta san abin da ta faɗa ba. Mutanen da suka ƙone kayan tsafinsu suka bi Yesu, ka ce su shiga ɗaki su ga ana kaɗa ganga, mutane suna faɗuwa suna birgima, me kake so zuciyarsu ta gaya musu? Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu yake yi.

Ban ce abin da kuke yi bori ne ba, Allah ya kiyaye bakina. Amma akwai bambanci ɗaya da nake riƙe da shi. Iska takan ƙwace mutum daga hankalinsa. Ruhun Allah ba ya haka. Bulus ya ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin annabawa, 1 Korantiyawa 14:32, kuma kamunkai yana cikin 'ya'yan Ruhu. Duk wanda ya ce mini "ban iya tsayawa ba, Ruhu ne ya kama ni", ina da tambaya gare shi.

Kuma kada ku manta, a nan Legas masu bishara uku suka sauka a watan Disamba 1893, Gowans da Kent da Bingham, suna neman hanyar zuwa ƙasarmu. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sāke dawowa. Wa ya riƙe shi? Ni ban san wani suna da zan ba wannan ba in ba Ruhu Mai Tsarki ba.

Timothawus (Ikorodu): Baba, na karɓa da hannu biyu. Sai dai kada tsoron jabu ya sa mu ƙi karɓar kuɗi gaba ɗaya.

Ladi (Ketu): Don Allah kafin a wuce. Ni matsalata tana can baya. Shi Ruhu Mai Tsarkin wane ne? Shaidun Jehobah sun zo gidanmu sun ce iko ne kawai na Allah, ba wani mai rai ba. Maƙwabciyata Musulma kuma, mutuniyar kirki, ta ce a wurinsu Mala'ika Jibrilu ne. Na rasa abin da zan ce wa kowannensu.

Malam Yakubu (Obalende): Ladi, wannan ce ma tambayar da ya kamata mu fara da ita. Ga maƙwabciyarki, ki faɗa mata cikin ladabi cewa a nan koyarwarmu ta rabu, ki nuna mata Luka 1:35. Jibra'ilu ne da kansa yake magana da Maryamu, ya ce mata Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata. Bai ce "ni zan sauko" ba. A Littafinmu mai kawo saƙon daban, wanda aka yi alkawarinsa daban.

Ga masu cewa iko ne kawai, ki tambaye su ko ana yi wa iko ƙarya. Bitrus ya ce wa Hananiya ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, a aya ta gaba ya ce ba mutum ya yi wa ƙarya ba, Allah ne, Ayyukan Manzanni 5:3-4. Ana ɓata masa rai, Afisawa 4:30. Ya yi magana a Antakiya ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu. Yana rarraba baye-baye yadda ya ga dama. Mai magana, mai nufi, mai baƙin ciki, wannan ba abu ba ne.

Gardamar ma tsohuwa ce. Taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a shekara ta 325 ya shagala da batun Ɗan, don haka a kan Ruhu layi ɗaya kawai suka rubuta, cewa sun gaskata da shi. Sai wasu suka taso suna cewa Ruhu halitta ne, babban bawa a cikin bayin Allah. Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta wasiƙu yana musa musu, Basil na Kaisariya ya rubuta littafi guda wajen 375. Hujjarsu mai sauƙi ce: cikin sunan wa aka yi maka baftisma? Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna ɗaya, Matiyu 28:19. Za a haɗa sunan halitta da na Mahalicci a wurin da ake ba da sabon rai? A 381, a taron Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, aka cike shaidar: shi Ubangiji ne, mai ba da rai, ana yi masa sujada tare da Uba da Ɗa, shi ne ya yi magana ta bakin annabawa. Allah ɗaya ne, ba uku ba, kuma Ruhun ba wani yanki ne nasa ba.

Wannan yana da alaƙa da gardamarmu ta sama. In iko ne, sai ka yi ta neman yadda za ka ƙara samunsa ka yi amfani da shi. In kuwa Allah ne, shi ne zai yi amfani da kai.

Timothawus (Ikorodu): A nan ba mu da saɓani ko kaɗan, Malam.

Monika (Ojo): Mu a Katolika wannan shaidar muke faɗa kowace Lahadi. Muna ƙara cewa yana fitowa daga Uba da Ɗa, 'yan Otodoks kuma sun tsaya a Uba kawai, yana cikin abin da ya raba mu da su a 1054. Kuma don Timothawus ya sani, mu ma muna da masu addu'a da harsuna, abin ya faro a cikinmu tun 1967 a Amurka. Bambancin dai ba a yi a tsakiyar Mas, kuma ba a cewa wanda ba ya yi ƙaramin Kirista ne.

Danjuma (Mile 12): Ni ba malami ba ne, tumatir nake sayarwa. Amma na san wani a kasuwa, in ya fara harsuna sai rumfa ta amsa, shi ne kuma yake jera ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ya rufe da masu kyau. Wane ruhu ke nan?

Timothawus (Ikorodu): Ni ma na san dattijon ikilisiya da bai taɓa ɗaga murya a addu'a ba, ya cinye kuɗin gini. Kada mu fara wannan lissafin, Danjuma, ba wanda zai fita.

Malam Yakubu (Obalende): Ku biyun kun faɗi abu ɗaya. Korantiyawa ba su rasa wata baiwa ba, Bulus ya shaida a 1:7, amma a sura 3 ya kira su jarirai masu halin jiki saboda kishi da faɗa. Baiwa ba ta nuna girman mutum. Galatiyawa 5:22-23 ce take nunawa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Danjuma, kwandon da ƙasansa da samansa iri ɗaya ne yana cikin aminci ɗin nan.

Mama Kwatam (Ijora): Ina karanta ku tun ɗazu. Ni daga Michika nake. Da Boko Haram suka shigo garinmu a watan Satumba 2014 muka hau dutse da yara, maigidana bai biyo mu ba, har yau. Na daɗe ba na iya addu'a. In na durƙusa ba abin da ke fita sai nishi. Ba harsuna, ba Hausa, ba yarenmu. Na ɗauka Allah ya bar ni. Wata a Zumuntar Mata ce ta karanta mini Romawa 8:26, cewa ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Na ce ashe nishin nan ma akwai mai ɗaukarsa. Ku ci gaba da muhawararku, yarana, tana da amfani. Ni dai a nan na san shi.

Mama Rifkatu (Agege): Sannu 'yar'uwa. Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ke.

Timothawus (Ikorodu): Amin. Sannu Mama.

Hannatu (Mushin): Tunda an buɗe maganar, ni ma a taimake ni. Wani mai annabci ya ce Ruhu ya nuna masa wanda zan aura, wani ɗan cocinsu, ya ce in na ƙi zan yi shekaru ban yi aure ba. Ya kuma ce in kawo baiko na musamman don a buɗe hanya. Ni ba na son mutumin. Amma ina tsoron kada in zama mai saɓon Ruhu Mai Tsarki, wanda aka ce ba a gafartawa.

Timothawus (Ikorodu): Hannatu, bari ni in amsa, tunda ni ne mai kāre annabci a nan. Kada ki kai ko kwabo. Siman mai sihiri ne ya fara haɗa Ruhu da kuɗi, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, Ayyukan Manzanni 8:20. Annabci na Sabon Alkawari don ginawa da ƙarfafawa da ta'aziyya ne, 1 Korantiyawa 14:3, ba don razana 'yan mata ba. Kuma an umarce mu mu auna shi, 14:29 da 1 Yahaya 4:1. Ruhun da ke cikinsa, in yana cikinsa, shi ne a cikinki. Me ya hana ya gaya miki ke da za ki zauna da mijin? Irin waɗannan mutanen su ne suke sa su Baba Ishaku su rufe mana ƙofa.

Malam Yakubu (Obalende): Saɓon da Yesu ya faɗa a Markus 3 kuma, malaman Attaura ne suka ga yana fitar da aljanu da idonsu, suka ce da ikon Ba'alzabul yake yi. Ƙin gaskiya ne da gangan bayan an gan ta. Ƙin auren wanda ba ki so ba ya cikin wannan. Ki gaya wa iyayenki da fastonki tun yau, kuma ki daina ɗaga wayar mutumin.

Hannatu (Mushin): Na gode. Zan kira babata da daddare.

Timothawus (Ikorodu): Baba Ishaku, ina da roƙo. Ku ba matasa yamma ɗaya a wata a majami'a, mu yi nazarin 1 Korantiyawa 12 zuwa 14 aya aya, Malam Yakubu ya jagoranta, sannan a yi addu'a a sake, a yi wa marasa lafiya addu'a da ɗora hannu. In wani ya yi harsuna kada a fitar da shi.

Baba Ishaku (Idi-Araba): In za a bi sura 14 ɗin duka, ba ni da ja. Mutum biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma da mai fassara. In babu mai fassara ya yi shiru ya yi da Allahnsa, haka aya 28 ta ce. Ba turin goshi, ba kwandon baiko na biyu.

Danjuma (Mile 12): To wa zai fassara, Baba? Kuma wa zai tabbatar fassarar daidai ce?

Baba Ishaku (Idi-Araba): Wannan ku tambayi Timothawus, shi ya kawo magana. Ni dai ba ni kaɗai nake yanke hukunci ba. Ku rubuto roƙon, ku sa hannu, zan kai wa dattawa ranar Lahadi bayan sujada. Kuma ku rubuta a ciki cewa ƙarfe takwas za a tashi, don rabin matasanmu masu gadi ne, suna da aikin dare.